Ƙanzon Tukunyar Tsamiya

A tsakar gidanmu na Kibiya akwai wani lungu tsakanin rumbu da katanga, inda rana ba ta sauka sai bayan la'asar, shi ma na ɗan lokaci. Nan tukunyar tsamiyar mahaifiyata take zama a kan duwatsu uku, an rufe bakinta da faifai, an danne da guntun dutsen niƙa. Ba babba ba ce, ba ta kuma da wani kyau. Wata goma sha ɗaya na shekara ba mai taɓa ta. Sai azumi ya ƙarato ake buɗe ta, a ɗauraye da ruwan sanyi, a jefa curin tsamiya, a kwarara ruwan zafi, a rufe a bar ta ta jiƙu.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a wajenmu a wancan zamani ya san abin da hakan ke nufi, yaran yanzu kuwa sai an yi musu bayani. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta zama kusa da shi, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonsa. Kunya ce, Inna kuma ta riƙe ta da gaske, har mata na yaba ta a kai. Ana yaye ni aka kai ni Rano wurin baffana. Can na girma, can aka sa ni makarantar boko, gida sai da azumi da salla. Idan na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon murhu. Idan tana da magana da ni, sai ta faɗa wa ƙanwata, autarmu, ko da kuwa ina tsaye a gabansu. "A tambayi mutumin Rano ko ya ci abinci." Sunana ke nan a bakinta.

Amma akwai ƙoƙo. Duk yammacin azumi, idan ta dama kunun tsamiya, na maza a babbar ƙwarya a kai zaure, na mata da yara a wata, sai ta zuba wani daban a ɗan ƙoƙo mai tsaga da aka ɗinke, ta rufe, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin da nake sauka. Ba ta taɓa cewa nawa ne ba, ba kuma wanda ya taɓa kai masa hannu. Ya fi na kowa kauri, citta ta ji a ciki, tsaminsa kuma yana da wani kaifi da ban taɓa ji a kunun wani gida ba. Tun ina ƙarami na gane cewa duk abin da ba za ta iya faɗa mini ba a nan take zuba shi. Ina son wannan ƙoƙon fiye da yadda ya kamata namiji ya so ƙoƙo, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu da tsufa ya cire mini kunya.

A farkon shekarar da Turawa suka miƙa mulki na gama koyon aikin tsafta a birni, aka turo ni Rano a matsayin duba-gari. An ba ni kaki, da ludayin leƙa randa, da wani gilashi mai mariƙi da ke ƙara girman abu, don ganin tsutsar sauro. Shekaruna ashirin da 'yan kai, kaina kuwa ya kumbura. Ina ganin ƙwayar cuta a ko'ina, har a hannun mai miƙo mini gaisuwa. Sai dai aikin yana da wani ƙulli da ba a faɗa mana a aji ba: namiji ba ya shiga gidan mutane. Wata dattijuwa ce ke shiga ta leƙa randuna, ni kuwa ina zaune a zaure ana ba ni goro, ina jiran ta fito ta ce lafiya lau. Kullum lafiya lau take cewa. Ilimi ya cika mini ciki, na rasa inda zan sauke shi. A duk faɗin ƙasar Rano da Kibiya gida ɗaya ne tak nake da ikon shiga har ƙuryarsa, shi ne gidan uwata.

Saura kwana biyu a ga wata na hau kekena na tafi gida. Na tarar Inna ta fita gidan suna, ƙanwata ta tafi rijiya. Gida shiru, sai kaji. Na sauke jaka, na naɗe hannun riga, na fara aiki. Na leƙa randuna, na kifar da wani tsohon kasko da ruwa ya kwanta a ciki, na share bayan madafa, ina ta jin daɗin kaina. Daga nan na isa lungun rumbu, na ɗaga dutse, na ɗaga faifai.

Cikin tukunyar, daga gindi har kusan rabi, wani abu ne ya daskare, ja-ja baƙi-baƙi, mai kaushi, kaurinsa ya kusa kaurin tukunyar kanta. Na taɓa, na ji shi kamar yashi da aka liƙa. Raina ya ɓaci. Wato a cikin wannan dauɗa ake jiƙa abin da muke sha, ni da aka koya wa tafasa ruwa. Na ɗora ruwa a wuta, na samo guntuwar wuƙa da soso da yashi, na zauna na duƙufa. Abin ya yi gardama, ni ma na yi gardama. Yana ɓantarewa fala-fala, kowane falle da launinsa, na sama ja, na ƙasa ya fi duhu. Ko wannan bai sa na tsaya na yi tunani ba. Sai da na ga jan yumɓu ya fito fes, sannan na kwashe abin da na kankare na watsa a juji, kaji suka bi suka tone.

Ƙanwata ta shigo da tulu a ka. Ta dubi tukunyar da na jingine a rana, ta dube ni, ta sauke tulun a hankali.

"Yaya, me ka yi?"

"Wanki na yi. Ku da kuke gidan ba ku ga abin da ke ciki ba?"

"Ƙanzon ne ka cire?"

"Dauɗa ce."

Ta zauna a kan turmin da ke kife, ta yi mini bayanin da ya kamata a ce na sani, da a gidan na tashi. Tukunyar ta kakarmu ce, mahaifiyar Inna, wadda ta rasu ban yi wayo ba. Daga Tarai ta zo cikin kayan Inna, da ƙanzonta a ciki tun lokacin. Kowane azumi tsamiya na barin nata a kan na bara. Ba a sa mata soso, ba a sa mata ruwan zafi sai da tsamiya a ciki. Inna ta ce ƙanzon ne ke ba kunu kaifi. Kuma duk shekara, kafin ta zuba komai, sai ta zura hannu ta shafa gindin tukunyar ta daɗe, ba ta son a yi mata magana a lokacin.

"Na ƙasan nan mai duhu, na Kaka ne," in ji ƙanwata. "Shi take taɓawa."

Na tafi juji na tsuguna. Babu abin da ya rage sai ƙasa da sawun kaji.

Inna ta dawo gab da la'asar. Na gaishe ta, ta amsa wa murhu kamar kullum. Sai idonta ya kai kan tukunyar. Ta je ta sunkuya, ta zura hannu, ta zagaya da shi sau ɗaya a ciki. Ina kallon bayanta. Ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba, ai ba ta da hanyar yi mini faɗa. Ta ɗauki tukunyar ta mayar lungunta, ta kife ta a ƙasa, bakin a ƙasa gindin a sama. Sannan ta ce da ƙanwata, muryarta lafiya lau, "A ce wa duba-gari an gode."

A azumin nan ba a dama kunun tsamiya a gidanmu ba. Koko aka yi ta sha, wata rana kunun gyaɗa. Ranar farko da aka kira magariba na duba bakin ƙofata, babu komai. Na fita zaure na sa ludayi a babbar ƙwarya tare da kowa. Mahaifinmu ya tambayi inda kunun tsamiya ya shiga, aka ce masa tsamiyar bana ba ta yi kyau ba, ya yarda. Kwana uku na iya yi, na ce aiki na kira na, na koma Rano. A hanya sai da na sauka daga keke a gindin wata bishiya na zauna, don idona ya hana ni ganin hanya. Abu ɗaya ne tsakanina da uwata, na sa wuƙa na kankare shi.

Bayan kwana biyu zan ba da kakina wanki, na juye aljihun da na sa guntuwar wuƙar, sai wasu 'yan tsakuwoyi suka zubo a kan tabarma. Guda bakwai ne, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Da hantsi ne, rana ta shigo ta taga. Ban san abin da ya sa ba, na tattara su a tafin hannu na ɗauko gilashin aiki. Ina tsammanin zan ga dauɗa, wataƙila ma so nake in gan ta, don in samu abin kare kaina.

Ba dauɗa na gani ba. Kowace ƙwaya tana da fuskoki a shafe sumul, da gefuna a miƙe sambal, ƙarshenta a karkace kamar bakin alƙalamin da aka fiƙe. Launin zuma ne da su, haske na shiga ta wannan fuska ya fita ta waccan ya faɗa kan zanen tafina. Na juya su da tsinke. Babbar da ƙaramar, mai lafiya da wadda wuƙata ta ɓantare, duk yanka ɗaya aka yi musu. Na daɗe a zaune har rana ta bar tagar. Mai wankin ya gaji da sallama ya tafi.

A asibitin sha-ka-tafi na Rano akwai wani tsohon malamin asibiti da ya yi aikin magani a soja lokacin yaƙin duniya na biyu. Mutum ne mai tsokana, ba ya kira na sai da "Sarkin tsafta". Na kai masa ƙwayoyin a ƙunshin takarda, na ba shi labari duka, ban rage ba. Bai yi dariya ba, abin da ya ba ni mamaki. Ya ɗora ɗaya a ƙarƙashin madubin likita ya leƙa, ya ce in leƙa, sannan ya ɗan taɓa ta da harshe ya yamutsa fuska.

"Tsamin tsamiya ne da kansa ya fito ya zauna," ya ce. "Shi da ɗan gishirin toka da bishiyar ke sha daga ƙasa. A cikin ruwan zafi yawo suke yi, kowa ta kansa, kamar 'yan kasuwa. Idan ruwa ya huce ya ragu, sai su fara jeruwa, kowanne ya kama na kusa da shi a wuri ɗaya, sahu bayan sahu, irin na sallar Juma'a. Shi ya sa ka ga fuskar a miƙe. Abin da ka gani a waje, haka jerin yake a ciki, har can inda ido ba ya kaiwa."

Ya jawo wani tsohon littafi ya nuna mini zanen ƙwallaye da aka haɗa da 'yan sanduna, ana maimaita su shafi guda. Ya ce masana kan haska irin waɗannan ƙwayoyi da hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibitin birni, daga yadda hasken ya watsu su gane mazaunin kowane. Ya ƙara da cewa na tsamiya duk hannu ɗaya suke bi, babu bahago a cikinsu. Rabin maganar ta wuce ni. Abu ɗaya ne a raina.

"Malam, ana iya sake yin sa?"

"Ba a yin sa, Sarkin tsafta, shi ke yin kansa. Naka kawai ka ba shi wuri ka ƙyale shi. Kai kuwa ban ga alamar ka iya ƙyale abu ba."

Ya ba ni kwalba mai faɗin baki, ya ce idan aka jefa tsohuwar ƙwaya a ruwan tsamiya mai ƙarfi, sababbi kan zo su hau kanta su bi jerinta. A ranar na ƙudurta cewa kafin wani azumin sai na mayar wa Inna wani abu daga cikin abin da na ɗauke mata. Ban tsaya tambayar kaina ko za ta karɓa ba.

Da bazara na fara. Na dafa tsamiya, na tace, na zuba a kwalba, na jefa ƙwaya biyu tun ruwan na da zafi, saboda gaggawa. Ina kallo suka narke. Saura biyar. Na sake dafawa na ajiye a taga, zafin rana ya mayar da shi baƙin danƙo, kiyashi suka yi biki. Wani ya ce mini ai kanwa na taimakawa, na jefa guntu, kwalbar ta yi kumfa ta tumbatsa, tsamin ya mutu murus, ƙwaya ɗaya ta tafi a ciki. Da damina kuwa duk abin da na ajiye sai ya wayi gari da fumfuna a kai, fari da kore, ni da ake kira duba-gari. A nan ma na yi asarar ɗaya. Na nannaɗe ukun da suka rage na ɓoye a cikin akwati, na hana kaina taɓa su.

Ina zuwa Kibiya jefi-jefi. Tukunyar na nan a kife, ƙadangare ya mayar da gindinta wurin shan ranar yamma. Inna na amsa gaisuwa, tana sa a ba ni abinci, ba ta rage mini komai na hakki ba. "A ce wa duba-gari tuwonsa na hucewa." Duk sanda ta faɗi kalmar sai in ji ta har cikin haƙorana.

A watannin nan wani irin hali ya same ni. Idan na fito zagaye na bi ta gonakin Madachi, sai in tsaya ina kallon kunyoyin gero a jere, ina tunanin ko su ma daga wata ƙwaya ɗaya suka ɗauko miƙewarsu. Akwai wata babbar tsamiya a gindin duwatsun Rano da mutane ba sa son zama ƙarƙashinta da tsakar rana, sun ce tana da masu ita. Ni kuwa can nake zuwa in jingine keke in kwanta, in yi ta kallon 'yan ganyayenta suna tace rana. Wata rana barci ya ɗauke ni a wurin, na yi mafarki ina tafiya a cikin ƙwayar. Ɗakuna ne masu launin zuma, kowanne irin na bayansa sak, kowanne da ƙofa a wuri ɗaya. Ina wucewa daga wannan zuwa wancan, babu ƙura, babu sauti, kuma a kowane ɗaki akwai wata tsohuwa ta ba ni baya, ta sunkuya, hannunta a cikin tukunya. Ban ga fuskarta ba ko sau ɗaya. Na farka na tarar awaki na cin igiyar jakata.

Ranar da aka karɓi mulki ma, jikokina kan tambaye ni me na gani. Gaskiya ita ce an yi kiɗa, yaran makaranta sun yi ta kaɗa 'yan tutoci, ni kuwa hankalina na kan wata kwalba da na ajiye a ƙarƙashin gado, ina fargabar kada rugugin ganguna ya girgiza ta. Ita ma ba ta yi ba.

Sai da sanyi ya shigo, sabuwar tsamiya ta nuna, malamin asibitin ya ce to yanzu ne. Muka dafa mai yawa a ruwa kaɗan, muka tace da alawayyo har sau uku, sai da ruwan ya yi garau kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Muka bar shi ya huce sarai. Da hannuna na sauke ƙwayoyi ukun a gindin kwalbar. Ya rufe bakin da ƙyalle, ya naɗe ta da tsohon bargo, ya sa a can ƙasan kabad ɗin magani, ya kulle, ya jefa makullin a aljihunsa.

"Sai bayan Juma'a biyu," ya ce. "Idan na gan ka a nan kafin lokacin, allura zan yi maka."

Sau huɗu na je, sau huɗu ya kore ni.

Ranar da ya buɗe, mun fito da kwalbar bakin ƙofa inda haske yake. Gindinta ya yi yayyafin ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli, a tsakiyarsu kuma manya uku, kowace ta kai ƙwayar shinkafa. Muka tsamo su muka shanya a kan takarda. Fuskokin nan ne dai, da bakin alƙalamin nan, sai dai su farare ne, ana ganin cikinsu. A tsakiyar kowace akwai ɗigo mai duhu, tsohuwar ƙwayar ce zaune, sabon ya rufe ta ta ko'ina. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allah mai iko," ya koma ciki wurin masu jiran magani.

Saura kwana uku azumi na isa Kibiya, bayan la'asar. Inna na zaune a kan kujera 'yar tsuguno kusa da rumbu tana tsince gero. Na gaishe ta. Na ba ƙanwata ƙunshin takardar da gilashin, na ce a nuna wa Inna, sannan na koma bakin ƙofar ɗakina na zauna, na ba su gefe, kamar yadda aka saba.

Ina jin su. Ƙanwata ta ce saƙon Yaya ne, ya ce a duba da wannan. Can Inna ta ce ita ba ta ganin komai sai hazo. Ƙanwata ta matsar da gilashin, ta ce yanzu fa. Inna ta ce har yanzu. Ƙanwata ba ta san nisan da ake riƙe shi ba, Inna kuma idonta ya soma rauni. Na ji ƙarar takarda, na ce a raina shi ke nan, naɗewa take yi.

"Kai," in ji Inna. "Zo ka riƙe mini."

Na waiwaya in ga da wa take. Babu kowa a tsakar gidan sai mu uku, ƙanwata kuma ta buɗe baki tana kallona. Na tashi na je. Na durƙusa a gabanta. Ta buɗe tafin hannunta, ƙwayoyin uku na ciki, rana ta sauko lungun ta faɗa a kansu. Na riƙe gilashin, na ɗaga, na sauke, har na ga idonta ya tsaya. Kanta na dab da nawa. Na ji ƙamshin hayaƙi da man shanu a jikin mayafinta. Tun da aka yaye ni ban taɓa kusantar ta haka ba.

Ta daɗe tana kallo.

"Farare ne," ta ce. "Na mahaifiyata ba haka yake ba."

"Na sani, Inna."

"Wannan duhun na tsakiya fa?"

"Na tukunyar ne. Su uku suka rage mini."

Wani abu mai ɗumi ya ɗiga a kan wuyan hannuna. Ban ɗaga kai ba, don na san idan na gani za ta tashi. Hannuna ya gaji, na tallafe shi da ɗayan.

"Kar ka motsa," ta ce. "Ban gama ba."

Ban motsa ba har rana ta bar lungun, ƙwayoyin suka daina ƙyalli. Sannan ta rufe tafinta, ta miƙe, ta je ta birkito tukunyar, ta kakkaɓe ƙasar da ke bakinta, ta ɗauraye da ruwan sanyi. Ta sunkuya ta ajiye su ukun a can gindi, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce da ƙanwata ta ɗora ruwa, ta kawo curin tsamiya.

Na san abin da ruwan zafi ke yi musu, na gani da idona tun bazara. Wata goma sha ɗaya na yi ina renon su, kuma babu sauran wata ƙwaya ta Kaka a duniya bayan su. Na buɗe baki zan yi bayani, na dubi bayanta a sunkuye, na rufe bakina. Ita da kanta ta kwarara ruwan, tururi ya taso ya rufe mata fuska.

Da magaribar farko ta azumi muka sha su, ni da ita da duk mutanen gidan, nawa a bakin ƙofata na same shi. Kunun bai kai na da kaifi ba, ita ta sani, ni ma na sani. Ta rayu shekaru masu yawa bayan wannan, ta goyi 'ya'yana, ta yi musu wasan jika son ranta. Amma har ta koma ga Allah ba ta sake ce mini "kai" ba.